Zomon Jabir da Albasar Baba

Kafin ku fara yi min dariya a ƙasan rubutun nan, ku bari ku ji daga bakina. Na san labarin ya riga ni fita, don har wata ta turo min saƙo daga Maiyama tana tambaya wai da gaske ne a kan albasa nake kwana. E, da gaske ne. Amma kwana ɗaya ne, kuma ba a kanta ba, a gefenta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Shafa'atu, 'yar Alhaji Kalilu mai albasa a Aliero. Shekarata ashirin da huɗu, kuma Inna ba ta bari in manta. Duk bikin da aka kawo mana katinsa, a kan filona take ajiye shi. Wanda nake so kuwa Jabir ne, mai shagon kayan waya a kasuwar Jega. Dogo ne, baƙi, hularsa kullum a karkace, kuma tunda nake ban taɓa haɗuwa da mutumin da ke sa ni dariya kamarsa ba. Baba ya riga ya tura ƙanwarsa, Goggo Hamsatu, ta yi bincike a kansa. Kwana biyu ta yi a Jega, ta dawo ta ce gidan mutunci ne, yana salla, ba ya shaye-shaye, aibinsa ɗaya ne tak, bakinsa ba ya rufuwa. Baba ya ce ya zo ranar Asabar su gaisa, daga nan zai san ko a bar manyansa su turo ko a rufe maganar.

To, a makon wannan Asabar ɗin ne na janyo wa kaina.

A gidanmu akwai rauta, akwatin waifai ɗin nan da ke ba kowa intanet. A saman firij take zaune, Inna ta lulluɓe ta da ɗan kyallen saƙa mai fure don kada ta yi datti. Yaya Lukman ne ya sayo ta, shi ke riƙe da lambar sirrinta, don haka yake ji kamar shi ya ƙirƙiro intanet. Ran Litinin muna cin shinkafa da wake a tsakar gida, sai ya gyara murya ya ce akwai wani a gidan nan da ya shiga shafin masu ɗinkin amare sau goma sha bakwai daga asuba zuwa azahar. Ashe rautar tana nuna masa sunan duk shafin da kowace waya ta shiga. Inna ta ɗago ta dube ni tana murmushi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har da kwanon shinkafar.

Da yamma na kai wa Jabir ƙara ta waya. Kafin in gama ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, VPN zan sa. Na ce mene ne kuma haka. Ya yi min bayani da yaren gidanmu: yanzu duk abin da nake yi a waya a buhun raga yake fita, mai tsaron ƙofa yana ganin abin da ke ciki. In na sa VPN, a ɗinkakken buhu zai fita, ya biya ta gidan wasu mutane a wata ƙasa, daga can a wuce da shi. Lukman buhu kawai zai gani. Ya turo min wata manhaja mai hoton zomo sanye da baƙin tabarau, da saƙo a ƙasa:

"Kyauta ne, ranki shi daɗe. Gudu gare shi kamar me. Ki sa ma Baba shi ma, in ya ga sauri ki ce ni na kawo."

Ku dubi wannan jimlar ta ƙarshe da kyau. So yake ya shiga wurin Baba da abin alfahari ranar Asabar. Ni kuma da soyayya ta rufe min ido, ban tambayi ko su waye masu gidan da buhun zai biya ta wurinsu ba. Ni ke yi wa Baba cajin waya, don haka ran Talata da safe na sa masa zomo, na danna, zomo ya ɗaga min yatsa.

Sauri dai ban gani ba. Hoton leshi ɗaya sai in tafi in wanke kofi in dawo bai gama buɗewa ba. Ga tallace-tallace. Ina zaune kusa da Inna wayata ta fashe da kiɗa, wata mata ta fito tana tallan man shafawa da wani yare. Na ce wa kaina sabon abu ne, zai saba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Baba da shafin yanayi. Watan Maris ne, an gama cire albasa, tana shanye a filin bayan gida tana shan iska kafin a zuba ta a rumbu. A irin wannan lokacin babu abin da manomin albasa ke tsoro kamar ruwan bazata, don in ya taɓa ta, ruɓewa ce. Baba ba ya karanta boko, ajami yake yi, amma yana da shafin da Lukman ya ajiye masa, yana buɗewa ya ga hoto: rana, ko girgije, ko girgije mai ɗigo. Shekara biyu shafin bai taɓa yi masa ƙarya ba, har maƙwabta sun daina duba sama, Baba suke tambaya.

Bayan azahar ya buɗe. Girgije baƙi, da ɗigo, da walƙiya. Gobe haka, jibi haka, har kwana bakwai a jere.

Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Babbar rigarsa a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa, yana cewa a kwashe. Inna ta ɗaga kai ta dubi sama, fes take, ko tsuntsu babu. Ta ce Alhaji anya. Ya juyo mata da wayar.

"Ke kin hi na'ura sani? Ruwa na tahe, wanda ba mu taɓa gani ba."

Haka muka kwashi albasa daga azahar har magariba. Da ni, da Inna, da Lukman, da ma'aikatan gona, da duk wanda tsautsayi ya sa ya zo wucewa. Rumbunan ba a gama gyara su ba, don haka cikin gida aka yi da ita. Zaure ya cika, falon Baba ya cika, ɗakin girki ya cika, aka dawo ɗakina. Sabuwar atamfata mai ruwan ganye da na sa don in ɗauki hoto in tura wa Jabir, ita ce ta zama gammo. Maƙwabta kuwa da suka ga Alhaji Kalilu na kwasa, ba su tsaya tambaya ba. Gida shida a layinmu suka kwashe tasu. Wani har ya hau babur ya je Jiga Birni ya gargaɗi surukinsa.

Ruwa bai zo ba. Ko iska ba ta kaɗa ba. Gari ya waye ran Laraba rana ta fito da zafinta, albasa kuma ta fara gumi a cikin ɗakuna, wanda shi ma hanyar ruɓewa ce. Sai muka sake kwasar ta muka mayar inda muka ɗauko. Ina ɗauke da kwando na ji wani dattijo ya gaida Baba da cewa ina kwana mai ruwa. Baba ya amsa, amma na ga yadda kunnensa ya motsa, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Mutum ne da ba ya son a ce ya faɗi abu bai tabbata ba.

Lukman ne ya karɓi wayar ya duba. A saman shafin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta Singafo, wata ƙasa can gabashin duniya. Ashe ta can zomo ke bi da buhun Baba, shafin kuma ya ɗauka can mai wayar yake, ya ba shi ruwan can. Da ma Lukman ya kashe wa Baba abin da ke nuna inda waya take, wai yana cin caji. Ya lalubo zomo ya ɗaga wa kowa ya gani. Baba ya zauna a kan buhu ya tambaya, a hankali, wa ya sa.

Na ce ni ce. Ya ce ina na samo. Na ce a intanet na tsinta.

Na sani, ƙarya ce, kuma ban saba yi wa Baba ƙarya ba. Amma saura kwana uku Asabar. In ya ji mutumin da ke neman 'yarsa ne ya sa shi gudu da takalmi ɗaya a gaban unguwa, ai ko ruwa ba za a ba Jabir a zaure ba.

Na zata faɗa zai yi. Sai kawai ya ce in gaya masa amfanin abin. Na yi masa bayanin buhun raga da ɗinkakken buhu, na kuma gaya masa Lukman yana ganin duk shafin da kowa ya shiga. Baba ya juya a hankali ya dubi Lukman.

"Har da tawa?"

Lukman ya hau sosa ƙeya. Duk gidan mun san Baba na rufe ƙofa bayan la'asar ya kalli kokawa, yana cewa lissafi yake yi. Nan take ya yanke hukunci. Abin yana da amfani, amma ba za a sake kawo masa baƙon da ba a san asalinsa ba. In je in yi bincike irin na Goggo Hamsatu, in kawo masa na kirki kafin Juma'a.

Ƙawata Iklima na kira, wadda ke karanta kwamfuta a jami'ar garinmu. Sai da ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta zo da hijabinta ruwan toka da kwamfutarta, muka zauna a ɗakina muna shaƙar albasa. Ta ce kowane VPN, abu na farko in san waye mai shi. Kamfani ne mai suna da adireshi da ƙasar da dokarta ke kansa, ko kuwa zomo ne da tabarau? Muka duba zomo, ko sunan unguwarsu babu. Ta ce sai in tambayi da me yake ci. Riƙe manyan na'urori a ƙasashe ba kyauta ba ne, wanda bai karɓa a hannunki ba, to ko dai talla yake cusa miki, ko labarinki yake sayarwa. Akwai na kirki masu ba da ɗanɗano kyauta, amma su ma za ki ga inda abincinsu ke fitowa.

Wanda ta fi nanatawa shi ne ko yana ajiye abin da ya gani. Ta ce in gane, na ɓoye wa Lukman buhuna ne na miƙa wa wani, kuma wancan yana iya sanin duk inda na aika shi. Kowanne zai rantse ba ya ajiyewa. Na kirki shi ne wanda ya bari masu bincike na waje suka shiga suka duba, suka kuma rubuta abin da suka gani kowa ya karanta. Ta ƙara da cewa in nemi wanda in ya yanke yake rufe ƙofa gaba ɗaya, ba ya barin kaya su fita tsirara. Batun sauri kuwa ba a jin sa a bakin mai talla. A zaɓi gida na kusa, Legas ba Singafo ba, a gwada da safe a gwada da yamma. Kuma kada in ɗauka ya zama laya, in na tura wa ɗan damfara lambar bankina da hannuna, babu buhun da zai cece ni.

Duk na rubuta a bayan wani katin biki daga cikin na kan filona. VPN guda uku muka gwada. Ma'auninmu Inna ce, muka sa ta kira ƙanwarta da ke Mungadi ta bidiyo. Da na farko, fuskar ƙanwar ta daskare baki buɗe har Inna ta fara salati. Na biyu yana da sauri, amma da muka karanta sharuɗɗansa sai muka ga ya ce yana iya raba bayananmu da abokan hulɗarsa, bai kuma faɗi su waye ba. Na uku na biya ne, yana da suna da gida, an bincike shi, yana da na'ura a Legas, kuma ya ba da kwana bakwai a gwada kafin a yanke shawara. Da shi Inna ta yi minti arba'in tana zancen wata kaza da ta ɓata, ko sau ɗaya bai tsaya ba.

Ran Juma'a na karanta wa Baba katin. Ya sa na maimaita, yana rubutawa da ajami a wata takarda. Iklima ta kunna masa abin nuna wuri, shafin yanayi ya dawo Aliero, rana kwana bakwai. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Na ɗauka magana ta ƙare.

Asabar bayan la'asar Jabir ya zo cikin shadda ruwan madara, sabuwar hula a miƙe yau, turarensa na kokawa da warin zaurenmu. Na riga na tura masa saƙo sau uku: "Kar ka ambaci zomo. Na ce ni ce." Ya amsa da hoton baki da aka ɗinke. Ni da Inna muka laɓe a bayan ƙofar zaure, ita da tiren ruwa a hannu don in an kama mu.

Bayan gaisuwa sai na ji ƙarar takarda. Baba ya tambaye shi waye mai shi, ina gidansu. Jabir ya jero kakanni har biyar. Ya tambaye shi da me yake ci, Jabir ya lissafo caja da batir da gilashin waya, har da wanda bai fara sayarwa ba. Inna ta toshe baki da gefen mayafi. Takardar da ya kwafa daga katina ce Baba ke bi layi-layi, a kan mutumin da nake so.

Sai Baba ya ce, kamar zancen banza, an sa masa wani zomo a waya, ko Jabir ya san irinsa tunda sana'arsa ce.

Shiru na daƙiƙa biyu. Shi ne shiru mafi tsawo da Jabir ya taɓa yi a rayuwarsa.

"Baba, ni ne. Ni na turo mata. Ita ba ta da laihi, ta ce ita ce don ta ruhwa min asiri."

Da ya tsaya nan, da na yafe masa. Amma Jabir ne. Ya ci gaba da cewa shi ya ce a sa wa Baba don ya burge shi, kuma asalin abin rigunan amare nake dubawa, na ma riga na zaɓi mai ruwan zuma, kuma na turo masa saƙo sau uku kada ya faɗa, ga su nan in Baba na son gani. Har ya ƙara da cewa labarin takalmi ɗaya ya kai Jega, amma shi mutum huɗu kawai ya gaya wa. Inna ta zame ta zauna a ƙasa, kofuna na rawa a kan tire. Ni kuwa kuka da dariya suka haɗe min. Na ji haushinsa, na kuma ji ban taɓa sonsa kamar lokacin ba, don da ya yi shiru da ya tsira.

Baba ya ajiye takardarsa ya ce:

"Gaskiya gare ka, yaro. Wanga ya yi min. Amma ba ka da marhi. Ɗiyata za ni ba ka, da duk abin da za ka gani cikin gidanta. In kana zubarwa a kasuwa, mi ab bambancinka da zomo?"

Sai ya ce Jabir ya matso. Muka kasa kunne har Inna ta kusa ture ƙofar, ba mu ji komai ba. Raɗa ya yi masa, 'yar gajeruwa. Da ya ɗago ya ce wannan maganar mutum biyu suka san ta a duniya, shi da Jabir. Shi ma kwana bakwai zai ba shi na gwaji, kamar yadda na kirkin ya ba mu. In Asabar ta zagayo bai ji ta a bakin kowa ba, manya su turo. In ya ji ta a Jega, ko a Aliero, ko a bakin Shafa'atu da ke bayan ƙofar nan da uwarta, to a cire shi yadda aka cire zomo.

Jabir ya tafi yana tafiya kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado da waya a hannu, ina lissafin mintin da babur ke yi daga Aliero zuwa Jega. Ko magariba ba a kira ba saƙo ya shigo.

"Na iso lahiya."

Na ce alhamdu lillahi. Wani ya biyo.

"Shafa, wallahi ba za ki yarda da abin da Baba ya hwaɗa min ba."

Na rubuta da sauri har yatsana na kuskure: "Kar ka gaya min. Jabir, don Allah." Ya karanta. Sai na ga a saman allo yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba da rubutu.

Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba ɗankwali. Na yaye kyallen saƙar Inna, na fizge igiyar rauta daga bango, fitilunta suka mutu. Na kashe wayata na jefa ta cikin tukunyar da ba a girki da ita, na rufe. Daga ɗaki Lukman ya yi ƙara wai wa ya taɓa masa akwati.

Baba na zaune a kan tabarma da buta a gabansa, yana naɗe hannun riga. Duk ya gani. Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke hannuna, kuma ba dariya a fuskarsa.

"Wagga kin zare ta," ya ce. "Gobe da sahe yaron shina buɗe shago. Kasuwar Jega ina igiyarta take?"